Neman Burkutun Anjelina

Duk wanda ya taɓa zama da Yosiya Direba a inda ake kurɓa, ko na minti goma ne, ya ji labarin burkutun uwarsa. Ba ya gajiya da shi. Za a miƙo masa ƙoƙo, ya ɗaga ya shinshina, ya kurɓi kaɗan ya juya a baki kamar mai kurkure, sannan ya girgiza kai ya ce ba laifi, amma ba ta kama ƙafar ta Anjelina ba. Masu sayarwa a Nyanya da Mararaba duk sun san shi da wannan hali, har sun daina jin haushi. Wata ma da zarar ta hango shi sai ta ce ga mai uwa nan ya iso.

In aka tambaye shi yadda ta Anjelinar take, sai ya gyara zama. Ya ce tana da kauri, tana da zaƙi irin na dawar da ta yi tsiro sosai, da ɗan tsami-tsami can a ƙarshen harshe, da ƙamshin hayaƙin itace, kuma da ɗuminta ake sha. Abokansa biyu, Festus mai sayar da kayan gyaran mota da Ayobami mai shagon buga katin biki, sun shekara fiye da ashirin suna musu da shi. Festus cewa yake burkutu mai zaƙi ai kunu ne, a daina wahalar da mutane. Yosiya kuwa amsarsa ɗaya ce, wato ba su sha ta Anjelina ba, don haka ba su da bakin magana.

A Keffi aka haife shi, a wani gidan haya da ke bakin gari, shekarar da aka sami 'yancin kai. Ubansa lebura ne a aikin hanya, ciwon ciki ya kashe shi tun Yosiya bai yi wayo ba. Uwar, Anjelina, 'yar Agwada ce, doguwa, mai ƙarancin magana. Da ta ga an bar ta da yaro ba gona ba dangi kusa, sai ta koma ga abin da ta koya a gidansu, ta sayi tukwane uku ta kafa murhu a bayan ɗaki. Cikin 'yan shekaru sunanta ya zagaya. Leburori da malaman makaranta da 'yan sanda, har da waɗansu da ba za su so a ambaci sunansu ba, duk sun san hanyar gidan.

Abin da Yosiya ke tunawa daga waɗannan shekaru kaɗan ne. Yana tuna dawar da ake jiƙawa a shimfiɗa a rufe da ganye, da yadda yake ɗaga ganyen a ɓoye ya ga ta fitar da farin gemu. Yana tuna hayaƙi da ke cika gidan har idonsa ya yi ja. Sannan yana tuna uwarsa ta sunkuya kan babbar tukunya da ludayi, ta ɗebo ta zuba a wani ɗan ƙoƙo nasa, ta fifita da bakinta, ta miƙa masa ya zauna kan turmi ya sha. Yana da shekara takwas ƙanen ubansa ya zo daga Kaduna ya ce ba za a bar ɗan ɗan'uwansa ya tashi a gidan giya ba. Anjelina ba ta ja ba. Ta wanke masa rigunansa biyu, ta raka su tasha.

A Kaduna ya yi firamare, ya shiga ƙungiyar mawaƙan coci, ya koyi tuƙi, ya sami aikin direba a ma'aikatar gwamnati. Ya zama saurayi mai guga a wando, wanda ba ya shan komai sai lemo. Keffi kuwa sai shekara-shekara, ita ma ziyarar ta tsaye ce. Ya gaishe ta a ƙofar ɗaki, ya ajiye mata sabulu da turmin atamfa, ya juya kafin warin tsimi ya kama masa riga. Ba wai ba ya son ta ba ne. Kunya yake ji, kuma a lokacin gani yake kunyar ma wata irin ibada ce.

Da ya tashi aure, 'yar dattijon coci ya nema. Surukin ya kira shi gefe ya ce ba shi da matsala da shi, sai dai sana'ar uwarsa. Yosiya ya hau mota ya zo Keffi, ya tarar da ita tana tace, ya tsaya daga nesa ya faɗa mata cewa ta bar wannan aiki haka nan, shi zai riƙa aiko mata da abinci. Ya shirya amsoshi iri-iri a hanya, don ya zaci za ta yi gardama. Ita kuwa ta goge hannu a zani, ta dube shi ta ce, "To." Shi ke nan abin da ta ce. Kafin wata ya ƙare ta rabar da tukwanenta ta koma Agwada wurin wanta. Ya cika alkawari, bai taɓa fashin aike ba. Shekara huɗu ta yi tana zaune ba aikin fari ba na baƙi, sannan ta rasu a wata damina yana kan hanyar Legas da maigidansa.

Bayan an yi haka da 'yan shekaru abin ya fara cin sa. An mai da ma'aikatarsu Abuja, ya kama haya a Nyanya, yara sun zo. Wata rana 'yarsa ta tambaye shi kamannin kakarta, ya buɗe baki sai ya ga ba shi da abin faɗa. Ba hoto, don Anjelina ba ta yarda da masu hoto ba. Ya nemi fuskar a ransa ya rasa, ya nemi muryar ya rasa, banda wannan "To" ɗin guda. Abu ɗaya da ya rage masa sarai, kamar jiya, shi ne ɗanɗanon abin da ke cikin ƙoƙon nan. A satin ne, yana da shekara arba'in cif, mutumin da ya hana uwarsa dafa giya ya shiga gidan burkutu da ƙafarsa ya ce a ba shi. Ya kurɓa ya ji tsami da ɗaci, ya ce wannan matar ba ta iya ba. Ya gwada wata, ita ma ba ta iya ba. Haka ya shiga sahun mashaya, ba irin masu kwana a kwata ba, amma dai ba Asabar ɗin da ke wuce shi. Shi ya san abin da yake nema. In ya same shi, ya tabbata akwai abin da ya riƙe na uwarsa. In kuwa babu shi a duniya, to ya rasa ta gaba ɗaya, kuma shi ya jawo.

Da ya yi ritaya ya rasa abin yi, surutun ya ƙaru. A ƙarshe Ayobami ne ya gaji. Hutun ɗaya ga Oktoba ya faɗo ranar Lahadi, gwamnati ta ƙara da Litinin, sai ya ce tunda shaguna za su kasance a rufe, su tafi Keffin nan su kwana biyu, su bi gidajen burkutu ɗaya bayan ɗaya, gani ya kori ji. Festus ya ba da motarsa, da sharaɗin Yosiya ne zai tuƙa. Yosiya ya amsa da murna, amma a baki kawai. Keffi ba ta kai tafiyar awa biyu daga ƙofar gidansa ba, ya ratsa ta da manyansa ba adadi, amma shekara talatin bai taɓa kashe mota a cikinta ba. Yana tsoron ya nema a tushe ya rasa, don daga nan ba sauran inda zai ce bai duba ba.

Suka fito da safiyar Asabar, suka sha cunkoson Mararaba da Masaka, suka iso da hantsi. Yosiya ya ɗauke su ta cikin gari don ya nuna musu ya san wuri, sai gari ya kunyata shi. Ta unguwar Liman Abaji ya ɓata sau biyu. A Angwan Iya ya nemi wata bishiyar tsamiya da yake kwatance da ita, ya tarar da shagon cajin waya. 'Yan acaɓa ko'ina, ɗalibai ko'ina, kowa da waya a kunne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Suka ajiye jakunkuna a wani ƙaramin masauki, suka tambayi mai gadi, ya kwatanta musu bayan gari yana murmushi, ya ce in sun ga rumfar zana da babura a ƙofa, sun iso.

Gidan farko na wata mata ce mai jiki, da benci shida a ƙarƙashin mangwaro. Bisa al'ada sai da ta fara ba su ɗanɗano, ta ɗebo a ƙoƙo ta kurɓa tukuna a gabansu don su san ba ta zuba komai ba, sannan ta miƙa. Festus ya yaba, ya ce in haka ake yi a kowane gida, shi da ɗanɗano kaɗai zai ƙoshi ya koma Abuja. Ayobami ya sayi naman alade da yaji. Giyar tana ta tsiyayar kumfa tana motsi a cikin ƙwarya, alamar ta yau ce. Yosiya ya kurɓa ya juya a baki. Mai kyau ce, ya san mai kyau ce, amma ba ita ba ce.

Gida na biyu ya ɓata masa rai tun daga ƙofa. A durom ɗin roba shuɗi aka zuba giyar, ana ɗiba da kofin roba, ga wata lasifika mai girman akwati tana ta faman ihu ba mai jin maganar wani. Samari na tsiyaya barasar leda a cikin burkutun wai don ta ƙara ƙarfi. Wannan kam ba shan giya ba ne, neman faɗuwa ne. Yosiya ya tuna yadda a da dattawa ke zama a tsakar gidan uwarsa kafin a kore shi waje, ƙwarya ɗaya tana zagaya mutum biyar, ana hirar damina da farashin gyaɗa, wanda ya ɗaga murya Anjelina ta dube shi sau ɗaya ya shiga taitayinsa. Bai ma zauna ba a gidan nan.

Na uku da na huɗu suka bi baya, kowace da irin hannunta. Wata ta dawa ja zalla, wata da gero a ciki, wata tsaminta har kunne. Matan suna jin ya ce Anjelina sai su dubi juna, don yawancinsu ba a haife su ba lokacin da ta bar garin. Kafin la'asar giya ta fara juyawa a tukwane, su ma ƙafafunsu sun yi nauyi, suka koma masauki. Festus da Ayobami suna ta raha, sun ce rabon da su ji daɗin hutu haka tun suna samari. Yosiya ya yi dariya tare da su, ya kwanta da wuri.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci suka sake fita, suka yi gida uku. A na ƙarshen ne Festus, da ƙoƙo na huɗu a cikinsa, ya faɗi abin da ya daɗe yana rainon sa.

"Yosiya, abeg, bari in gaya maka gaskiya. Gida bakwai mun shiga a garinku. Babu wannan abu. Kai ne ka dafa shi a kanka, kana ta ba mu muna sha shekara ashirin."

Ba da mugunta ya faɗa ba, amma ta shiga. Ayobami ya taka masa ƙafa, ya makara. Yosiya ya ajiye ƙoƙonsa a ƙasa, don abin da shi ma yake gaya wa kansa ke nan tun jiya. Yaro ɗan shekara takwas me ya sani? Wataƙila kewa ce ta zuba wa abin sukari.

Wani tsoho da ke gefen bencin, mai hula ta saƙa da haƙori biyu a gaba, shi ne ya tsoma baki. Ya tambaya wace Anjelina ake ta kira, ko doguwar nan 'yar Agwada. Ya ce ya sha a hannunta yana matashin birkila, kuma ba a sake yin irinta ba. Yosiya ya matso kamar zai hau cinyarsa, ya tambaye shi ko tana da zaƙi. Tsohon ya yi dariya ya ce zaƙi kuma, ai ƙoƙo biyu ke kwantar da ƙato. Sai dai ya ce in gadonta suke nema, su je wurin Febi a ƙetaren rafi, ita ce ta yi aiki a ƙarƙashinta, ita ta karɓi babbar tukunyar. Ya ƙara da cewa kada su wahalar da kansu gobe, don Febi ba ta da giya sai Laraba, gobe ranar dahuwarta ce.

Da safiyar Litinin Festus ya so su kama hanya kafin cunkoso, yana cewa wa ke zuwa gidan giya ranar da ba giya. Yosiya ya ce shi gaisuwa kawai za shi, minti goma. Makullin mota na hannunsa, don haka ba a yi doguwar muhawara ba.

Tun daga bakin rafin ya hango hayaƙin. Gidan na ƙasa ne da rufin kwano, tsakar gida a share, bencuna a jingine da bango tunda ba ranar baƙi ba ce. A can ƙarshe murhu uku na ci, wata mata matashiya, Christy, matar ɗan Febi, tana juya tukunya da doguwar muciya. Ita Febi tana zaune kan kujera 'yar tsugune tana tura itace, ƙaramar mace baƙa, sa'ar Yosiya, idanunta jajaye saboda shekarun hayaƙi. Ƙamshin da ya tare shi a ƙofar ya sa ya tsaya cak har Ayobami ya yi karo da bayansa.

Ya yi sallama ya ce, "Sannu da aiki, Mama." Ta amsa ba tare da ta ɗago ba, ta ce ba giya yau. Ya ce ya sani, shi ɗan Anjelina ne. Sai ta ɗago ta dube shi tun daga takalmi har furfura.

"Na gane ka," in ji ta. "Kai ne mai farar riga. Ina bayan tukunya ina wanke abin tace giya ranar da ka zo ka ce ta bari."

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Sai ya durƙusa ya sake gaishe ta. Ta bar shi a durƙushe ɗan lokaci, don ta daɗe tana ajiye da wannan, sannan ta ce wa Christy ta sauke wa baƙi benci. Ba macen riƙo ba ce, amma kuma ba ta ga dalilin da zai sa ya samu a arha ba.

Da suka zauna ta ba su labarin yadda ta zo gidan Anjelina tana amarya 'yar shekara goma sha takwas, mijinta ba shi da aikin kirki, ta roƙa a koya mata. Shekara goma sha ɗaya ta yi a gindin murhun nan. Ta nuna musu babbar tukunyar da ke tsakiya, baƙa ƙirin, an ɗaure wuyanta da waya inda ta tsage, ta ce ita ce. Yosiya ya dube ta, bai gane ta ba, ya ji haushin kansa. Daga nan ya faɗa mata abin da ya kawo shi, bai rage komai ba, har da shekarun da ya yi yana bin gidajen giya. Ta ce ya kwatanta mata abin da yake nema. Ya kwatanta kamar yadda ya saba, kaurin da zaƙin da ɗan tsamin da ɗumin.

Febi ta fara dariya, ta yi har tana share ido da bakin zani. Festus ya taya ta, yana ganin an zo wurinsa. Can sai dariyar ta tsaya.

"Wace rana take ba ka?"

Ya ce bai san rana ba, ya dai san ranar da hayaƙi ke cika gida ne.

"Ranar sayarwa fa, kana ina?"

Ya yi tunani. Ranar da mutane ke zuwa, da sun fara zama ake tura shi gidan wata maƙwabciya mai tuya ƙosai, sai yamma a ɗauko shi.

Sai ta yi masa bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa wanda aka tausaya wa. Ta ce abin da ke tafasa a tukunyar nan yanzu ba giya ba ne tukuna. Ruwan dawa ne mai tsiro, an dafa jiya, ya kwana ya ɗan yi tsami, yau ana dafa shi na biyu. In ya dahu za a sauke a tace ya huce, sannan a zuba masa iri, wato ragowar tsohuwar giya mai rai, a rufe. Irin nan shi ke cinye zaƙin ya mai da shi ƙarfi. Kafin a zuba iri ko jariri zai sha. Bayan an zuba kuwa, zaƙi ya tafi ke nan, ba mai sake ganinsa a ƙoƙon sayarwa ko a gidan wa.

"Ba ka taɓa shan burkutun Mama Anjelina ba," in ji ta. "Ko sau ɗaya. Ta sha faɗa mini cewa duniya ta ba ɗanta giya in ta ga dama, amma ba daga hannunta ba."

Ba wanda ya yi dariya. Yosiya ya zauna yana kallon ƙasa. Shekara ashirin da uku yana shiga gidajen giya ranar sayarwa, yana raina aikin matan da ba su yi masa laifin komai ba, yana neman abin da ba a samu sai ranar da ake korar masu saye. Matar da ta tsare bakinsa daga giya, neman ta ne ya mai da shi mashayi. Ya ji kunya, ya ji tausayin kansa, amma a ƙarƙashin duka ya ji wani sanyi, don abin dai akwai shi, ba shi ya ƙirƙira ba.

Ana cikin haka Christy ta ɗaga muciya ta duba yadda ruwan ke zuba daga jikinta, ta janye itace, ta waiwayo.

"Mama, ta yi. In ɗebi na Yosiya?"

Yosiya ya ɗago da sauri. Tun da suka shigo ba wanda ya ambaci sunansa, ɗan Anjelina kawai ya ce. Christy ma ba shi take kallo ba, ta riga ta ɗauko wani ɗan ƙoƙo daga kan katanga tana ɗauraye shi.

Febi ta ce haka ake kiran ɗiban farko a gidan nan. Tun da ta zo wurin Anjelina ta tarar duk ranar dahuwa, kafin a taɓa tukunya, sai Anjelina ta ɗebi ludayi ɗaya a ƙoƙo ta rufe da faifai ta ajiye a inuwa, ta ce na Yosiya ne. A lokacin ya shekara goma da tafiya Kaduna. In yamma ta yi bai zo ba, sai ta ba duk yaron da ya gitta. Febi ta ɗauka wani sirrin sana'a ne, da ta kafa nata murhun sai ta ci gaba, tana tsoron in ta bari giya za ta lalace. Matan da ta koya wa, su huɗu, duk suna yi. Christy ta shekara tara tana ɗiba, ita a zatonta sunan wani waliyyi ne.

"Har dahuwar ƙarshe ta ɗiba," in ji Febi. "Washegarin ranar da ka zo ne. Ta ce wataƙila ba ka bar gari ba tukuna, za ka biyo sallama."

Bai biyo ba. Motar asuba ya bi ranar, yana murna an gama magana ba rigima.

Christy, da ta fahimci wanda ke zaune a bencin, ta tsaya da ƙoƙon a hannu ta rasa yadda za ta yi. Febi ta karɓa, ta fifita da bakinta sau uku, ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Bai shinshina ba, bai juya a baki ba, ya kafa kai ya sha. Festus ya tashi ya ce zai je ya duba tayar mota, Ayobami ya bi shi, ko da yake ba abin da ya sami tayar.

Da ya sauke ƙoƙon Febi ta tambaye shi ko ita ce. Ya gyaɗa kai. Hawaye na bin furfurar gemunsa bai damu ya share ba. Can ya tambaye ta ko uwarsa ta tafi da fushinsa.

Febi ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ta ce ita ba za ta yi masa ƙarya ba, Mama ta yi kuka ranar da aka fitar da tukwane, kuma zaman Agwada bai karɓe ta ba. Amma fushi, ba ta taɓa ji a bakinta ba. Abin da kawai ta roƙe ta da za ta hau mota shi ne, in yaron nan ya taɓa biyowa, kada a ba shi mai iri, a ba shi nasa.

"Shekara talatin da huɗu ina jiran in sauke wannan saƙo," in ji ta. "Ka sha da sauran zafi, akwai ƙari."